Jitar Abzinawa Da Fiyanon Kano: Ina Muka Baro Gangar Noma?

A kakar da ta wuce na je gida Shanono ɗaurin auren ɗan ƙanena, kuma kamar yadda aka saba a yanzu, tun kafin jama'a su watse daga wajen walima matasa suka kafa manyan lasifikoki a ƙofar gida, suka jona su da wayar hannu, aka shiga sakin waƙoƙin fiyano ɗaya na bin ɗaya. Ina zaune a gindin darbejiya tare da dattawa sai wani yaro daga cikin 'ya'yanmu da ke karatu a Kano ya matso ya durƙusa, ya miƙo mani wayarsa, ya ce, "Baba, kai da kullum kake faɗa a kan kiɗan zamani, saurari wannan ka gaya mani ko shi ma na banza ne." Na kara wayar a kunne. Abin da na ji shi ne jita marar lantarki, da tafi, da ɗan kiɗan hannu, da murya guda tana bayarwa wasu na amsawa cikin harshen Buzaye. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, amma na ji motsin yatsu a kan tsirkiya, na ji numfashin mai waƙar, na kuma gane cewa mutane ne zaune wuri ɗaya suna kallon juna suna kiɗa. Rabon da in ji irin wannan a sabuwar waƙar Hausa har na manta.

Yaron ya ce mani mawaƙin ɗan Nijar ne, sunansa Mdou Moctar, kuma faifan ya fito ne a 2025. Da na dawo na bi diddigin labarin, sai na tarar da abin da ya sa na ga ya wajaba in yi wannan rubutu, domin kuwa ashe tarihin mutumin nan ya biyo ta cikin gidanmu.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, daga yankin Abalak da Cintabaraden a jihar Tawa ya fito, bahago ne, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato aka ɗauke shi cikin 2008, a bisa tsarin da sutudiyoyinmu suka saba: kiɗan na'ura a ƙasa, murya a sama, sannan a bi muryar da manhajar nan mai lanƙwasa ta har ta koma kamar ta ƙarfe. Wato dai irin kiɗan finafinan Hausa ne aka ɗora wa waƙar Abzinawa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a Nijar da Mali, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya daga cikinsu ya sa ta a wani kundi na waƙoƙin wayoyin Sahara a 2011. Daga nan ƙofa ta buɗe. Amma abin lura, mai karatu, shi ne da ƙofar ta buɗe, mutumin bai shiga duniya da kiɗan na'urar da ya samo a Sakkwato ba. Ya koma ga jitarsa, ya nemi abokan kiɗa na jini da tsoka: Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da wani Ba'amurke, Mikey Coltun, wanda ke kaɗa jita mai kauri kuma shi ne mai tsara masu sauti.

A watan Mayun 2024 suka fitar da faifai mai suna Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, a ƙarƙashin kamfanin Matador. Cikin kwana biyar aka ɗauke shi a wani gida da ke arewacin jihar New York, da jitar lantarki mai ruri da ganguna masu zafi, kuma waƙoƙin suna magana ne a kan yadda Faransa ta daɗe tana kwasar yuraniyom ɗin Nijar, da kuma barazanar da harshen Tamashek ke fuskanta a bakin 'ya'yansa. Sai kuma a watan Fabrairun 2025 suka fitar da Tears of Injustice, wato hawayen zalunci, wanda shi ne yaron nan ya jiyar da ni. Waƙoƙin faifan farko ne aka sake, sai dai an ajiye lantarki. Dalilin yinsa ma abin ji ne. Lokacin da sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakoki, mutanen nan suna Amurka, hanyar gida ta toshe. Cikin wannan zaman zullumi suka shiga wani sutudiyo a Brooklyn, suka zauna a ɗaki ɗaya, suka kaɗa waƙoƙin gaba ɗaya cikin kwana biyu, daga baya aka ƙara muryoyin 'yan amshi da aka ɗauko a Nijar. Duk wanda ya saurari faifan biyu a jere zai gane cewa yadda aka ɗauki waƙa yana iya sauya ma'anarta: baitin da ya fito da fushi a na farko, a na biyu da makoki ya fito, alhali kalmomin ba su canza ba.

Turawa suna kiran wannan kiɗa buluz na hamada, kuma ya kamata in ɗan yi bayanin sunan. Buluz kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayi, wanda ya tsiro a gonakin auduga na kudancin ƙasar, musamman yankin kogin Misisifi, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Kiɗan manoma ne da leburori, na kukan talauci da kewa. Da mutanen suka yi ƙaura zuwa birane irin su Cikago sai aka sa wa jitar lantarki, daga nan samarin Ingila na shekarun 1960, irin su ƙungiyar Rolling Stones, suka ɗauka suka gauraya shi da kiɗan rok. Masani Gerhard Kubik, ɗan ƙasar Ostiriya, ya yi littafi a 1999 inda ya kawo hujjojin cewa salon rera buluz da yadda ake jan murya a cikinsa sun fi kama da na yankinmu na Sudan ta Yamma, ƙasar masu goge da molo, fiye da na bakin teku. Haka kuma masana sun yarda cewa banjo, abin kiɗan da Amurkawa ke tinƙaho da shi, ya samo asali ne daga kayan kiɗa masu tsirkiya na Afirka ta Yamma, dangin gurmi da garaya. Ashe ke nan in Bahaushe ya ji buluz ya ji kamar ya san shi, ba kunnensa ne ya yaudare shi ba.

Dattawan wannan fage su ne ƙungiyar Tinariwen, Abzinawan arewacin Mali, waɗanda Ibrahim Ag Alhabib ya fara haɗawa wajen 1979 a zaman gudun hijira a Tamanrasset ta Aljeriya. Fiye da shekara arba'in ke nan suna abu ɗaya, kuma tarihin faya-fayensu kusan tarihin gudun ɗakin sutudiyo ne. Faifansu da ya fara isa Turai a 2001 a gidan rediyon Tisdas na garin Kidal aka ɗauke shi. Faifan Tassili na 2011 a cikin tanti aka yi shi a hamadar kudancin Aljeriya kusa da Janet, kuma shi ya ci kyautar Grammy a 2012. A shekarar ce masu ɗauke da makamai suka mamaye arewacin Mali suka hana kiɗa, abin da ya tilasta wa ƙungiyar ɗaukar faifanta na 2014 a Amurka, amma ko a can hamadar Kalifoniya suka nema. Na 2019 kuwa a ƙarƙashin tanti suka yi shi kusa da Nuwakshot ta Muritaniya.

Faifansu na Mayun 2023, Amatssou, wanda ma'anarsa a harshensu ita ce tsallake tsoro, shi ne ya fi jan hankalina ta fuskar tsarin sauti. Da farko an shirya su je birnin Nashville na Amurka su ɗauka, annobar korona ta hana tafiyar. Sai aka ɗauki kayan aiki aka kai masu Janet, aka kafa tanti, suka yi kiɗansu a inda suka saba. Daga nesa ne Amurkawa biyu, Wes Corbett mai banjo da Fats Kaplin mai gogen Turawa, suka ƙara nasu, sannan Daniel Lanois ɗan Kanada, wanda ya tsara wa ƙungiyar U2 da Bob Dylan wasu daga cikin manyan faya-fayensu, ya sa hannu daga sutudiyonsa na Los Angeles. Mutum zai zaci da irin waɗannan manyan baƙi kiɗan zai koma na Amurka. Bai koma ba. Tafi da amshi da takun kiɗan tende, wato turmin da matan Abzinawa ke rufewa da fata su kaɗa, su ne a gaba. Banjo da goge suna biye a baya kamar baƙon da ya san matsayinsa a gidan mutane. Ga duk mai kunne, wannan shi ne aikin mai tsara sauti na ƙwarai: ya gane abin da ya tarar, ya ƙara masa haske, ya bar shi da kamanninsa.

Misalan ba su tsaya nan ba. Marigayi Ali Farka Toure na Mali, wanda ya rasu a 2006, manomi ne da ya fi son a kira shi manomi a kan mawaƙi. Bayan ya ci Grammy da faifan da ya yi da Ry Cooder a 1994, sai ya koma gonarsa a Niafunke, har ta kai kamfanin da ke buga waƙoƙinsa ya kwashi na'urori da janareta ya bi shi ƙauyen aka ɗauki faifansa na 1999 a can. A Nijar, Bombino na Agadas ya yi faifai a Nashville tare da Dan Auerbach wanda ya fito a 2013, kuma faifansa na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin jerin masu neman Grammy. A Yamai akwai ƙungiyar Tal National, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, masu haɗa jitar lantarki da kalangu, waɗanda wani mai tsara sauti daga Cikago, Jamie Carter, ya riƙa zuwa har Yamai yana ɗaukar faya-fayensu, ciki har da Tantabara na 2018.

To mu fa? Tun da harkar finafinan Hausa ta kankama a Kano cikin shekarun 1990, kuma fiyanon Yamaha ya shigo sutudiyoyi, musamman bayan karɓuwar waƙoƙin fim ɗin Sangaya, tsarin ɗaukar waƙa a wurinmu ya zama ɗaya. Mai fiyano zai zauna shi kaɗai ya danna kiɗa daga cikin na'ura, har da kwaikwayon kalangu da sarewa da algaita. Mawaƙi ya shiga ɗan ɗaki ya ɗora murya, 'yar amshi ta zo daga baya ta ɗora tata, wataƙila ma ba su haɗu ba. Sai a bi da manhajar gyaran murya a goge duk wani gargada. Kafin magariba waƙa ta fito. Sakamakon shi ne waƙar biki da ta siyasa da ta soyayya duk sun zama kamar an zuba su a mazubi ɗaya, in ba ka ji sunan da ake ambata ba, da wuya ka bambance ta wane da ta wane.

Abin da aka rasa ba ƙarami ba ne. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuwa yana magana ne saboda makaɗi na matse igiyoyinsa a hammata yana saki, sautin na hawa yana sauka yadda kalma ke hawa da sauka. Shi ya sa mutum ke jin takensa daga nesa ya san da shi ake. Maɓallin fiyano sauti ɗaya aka ajiye a cikinsa, ba ya jin hammata. Na biyu, a kiɗanmu na asali makaɗa ne ke bin mawaƙi. Wanda ya saurari Alhaji Mamman Shata ya san yadda yake jan baiti ya tsaya inda ya ga dama, ya sako wata magana da ta faɗo masa a take, 'yan kalangu da 'yan amshi suna jiransa su tare shi. A sutudiyon yau mawaƙi ne ke bin na'ura, ita kuwa ba ta jira, ba ta kuma gane cewa an zo wurin da ya kamata a sassauta. Kuntigin Ɗanmaraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, ƙwaryar Barmani Coge kuwa ƙwarya ce irin ta kowane gida, amma har yau in aka sa su a rediyo ba wanda ke tambayar ko su waye.

A ƙauyenmu, muna yara, idan za a yi gayya tun da asuba ake jin gangar noma. Makaɗin yana bin manoma a baya kunya bayan kunya, idonsa a kansu. In ya ga hannu ya fara sanyi sai ya ƙara wuta ya kira kirarin uban wani, in ya ga rana ta take an jigata sai ya sassauta. Mutum na ƙarshe da na sani yana wannan kiɗa a yankinmu, shekarun baya na ɗauke shi a mota na kai shi wani sutudiyo a Kano da niyyar a adana abin da ya sani. Yaron da ke kan na'ura ya karɓe mu da ladabi, ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Baba, gangar nan tana cika ɗaki, kuma ba ta tafiya daidai da mita. Ku bari in buga irinta a fiyano, shi sai ya ɗora murya kawai." Tsohon ya dube ni, ya rataya gangarsa, ya ce, "Malam, mu tafi gida, ni ban iya waƙa da hannu a aljihu ba." Muka dawo ba mu ɗauki komai ba. Na yi ta cewa zan sake shiri, ban yi ba, har Allah Ya karɓi abinsa. 'Ya'yansa ba wanda ya gaji sana'ar, gangar ma ban san inda take ba. Laifin nan nawa ne kafin ya zama na kowa, domin ko da ƙaramar rikoda ce da na ajiye a gabansa a gona, da yau akwai abin da zan jiyar da yaron da ya miƙo mani waya.

Adalci ne in faɗi abin da masu fiyano za su ce, kuma suna da hujja. Fiyano ya sauƙaƙa kuɗin ɗaukar waƙa, ya ba dubban matasa abin yi, ya kuma buɗe ƙofa ga wanda bai gaji kiɗa ba, a al'ummar da ta daɗe tana kallon makaɗi a matsayin maroƙi. Ɗaukar mutum shida suna kiɗa lokaci ɗaya yana buƙatar ɗaki mai faɗi, da makirfo da yawa, da wutar lantarki tsayayya, da wanda ya san aikin, kuma kowane makaɗi sai an sallame shi. Ga masu satar fasaha da ke hana mawaƙi cin guminsa. Za su kuma iya cewa kiɗan Abzinawan nan kunnen Turawa ne ya ɗaukaka shi, mu kuwa jama'armu muke yi wa waƙa, kuma jama'ar suna saye. Duk na yarda. Sai dai ina tunatar da su cewa jita ma baƙuwa ce a wurin Abzinawa, kamar yadda fiyano yake baƙo a wurinmu. Bambancin shi ne su sun sa baƙon ya koyi harshen gida, mu kuwa mun bar baƙo ya kori masu gida. Kuma tun kafin wani Bature ya ji labarin Tinariwen, kaset-kaset ɗinsu sun shekara da shekaru suna yawo hannu da hannu a tsakanin mutanensu.

Akwai darasi a labarin marigayi Malam Mamman Barka na Nijar, malamin makaranta kuma gwanin gurmi, wanda ya rasu a 2018. Da ya ji cewa biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar na masuntan Buduma a tafkin Cadi, saura mutum ɗaya tak da ya iya shi, sai ya tafi a 2002 da tallafin UNESCO ya zauna wurin tsohon ya koya, daga baya ya ɗauki faifai da shi ya kai shi har Turai. Da ya yi jinkiri irin nawa, da biram ya bi mai shi kabari.

Shata ya rasu a 1999, Musa Ɗanƙwairo a 1991, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Waɗannan sun yi sa'a, gidajen rediyo da talabijin sun ɗauke su. Amma a ƙauyukan Shanono da Ɓagwai da Tsanyawa da Gwarzo akwai masu kukuma da gurmi da kalangu da gangar noma da ba wanda ya taɓa kai masu makirfo, kuma yawancinsu sun manyanta. Ga shi kuma tun ƙarshen 2025 hare-haren 'yan bindiga sun taɓa wasu ƙauyukanmu na kan iyaka da Katsina, kuma kowa ya san inda tsoro ya shiga, taron dare da kiɗa ne ke fara ɗaukewa.

Saboda haka kirana uku ne. Ga masu sutudiyo a Kano: kayan ɗaukar sauti na yau sun ƙanƙance har suna shiga jakar hannu, ku fito ku je inda makaɗan suke, ku ɗauke su a dandali ko a gona yadda suke, ku koyi yadda ake ajiye makirfo a gaban ganga maimakon korar gangar. Ga manyan mawaƙanmu na zamani da Allah Ya ɗaukaka: a cikin kowane kundi ku ware ko waƙa biyu ku zauna da makaɗa na gaskiya a ɗaki ɗaya, ku biya su hakkinsu, ku kuma ambaci sunayensu, ku ga yadda jama'a za su karɓa. Ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta karrama Shata da digirin girmamawa a 1988: ku haɗa kai da ƙananan hukumomi da hakimai a bi gunduma gunduma a ɗauki abin da ya rage, a adana shi inda ɗalibi zai iya zuwa ya saurara.

Da na mayar wa yaron nan wayarsa a ranar bikin, na ce masa kiɗan ba na banza ba ne, na kuma tambaye shi ko ya taɓa jin gangar noma. Ya ce a fim ya taɓa gani. Na yi masa alkawarin in Allah Ya kai mu damina zan nemo masa mai kaɗa ta ko da a wace gunduma yake, shi kuma ya zo da wayarsa ya ɗauka. Allah Ya ba mu ikon cikawa, Ya jiƙan magabatanmu, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.